Ranar da Clifford Ya Cire Hular Percy

Sunan mijina Clifford Holroyd. Da wannan na fara saboda a gidan kula da tsofaffin da ke kan tudu, inda aka kai shi bayan ɓarin jikinsa na dama ya shanye, ba mai kiransa da sunansa. Percy suke ce masa. Har a jikin ƙofar ɗakinsa hoton Percy suka liƙa, da hular nan mai baki da doguwar rigar aiki ruwan ƙasa.

Duk wanda ya kai shekaruna ya san Percy. Ɗan dakon nan na talbijin mai kwashe wa masu ƙaura kaya, wanda kowane mako sai ya fasa wani abu, agogon bango ko kwanon tangaran ko madubin mutane, sannan ya tsaya ya zaro ido ya ce, "Ban taɓa ba, uwargida!" 'Yan shekaru kaɗan Clifford ya yi yana wannan shirme. Da shi muka sayi gida, ban musa ba. Amma tun ina da baƙin gashi aka daina shirin, kuma har yau ba mu taɓa shiga shagon kifi da dankali ba sai wani ƙato ya ɗaga murya daga layi ya ce, "Percy, kai ka taɓa?"

Ni ce Enid. A tashar jiragen kamun kifi ta Fleetwood na tashi da wuƙa a hannu, ina feɗe kifi tun sa'o'ina suna makaranta. Ban iya zaƙin baki ba, kuma ba yanzu zan koya ba.

Ciwon ya ɗauke masa hannu da ƙafa, ya ɗauke masa magana. Abin da ya bar masa a baki magana ɗaya ce tak, kuma duk maganar duniya sai ya bar masa wadda ya fi ƙi. In yana jin ƙishirwa, ita ce. In yana son a kai shi bayan gida, ita ce. In na shigo na ce, "Tsoho, ka kwana lafiya?" sai ya dube ni, ya yi ta kokawa da bakinsa har jijiyar wuyansa ta tashi, a ƙarshe ta faɗo: "Ban taɓa ba, uwargida." Sai ya rufe ido. Likitan asibiti ya ce haka ciwon kan yi wa wasu, abin da baki ya fi maimaitawa shi ke saura.

Ma'aikatan gidan kuwa kamar an yi musu kyauta. Shugabarsu, Misis Pennock, mace mai karkata kai gefe in za ta yi magana, da tarin makullai rataye a wuya, ita ta nemo hular, ban san daga ina ba. Na cire, na dawo na tarar an mayar. Na sake cirewa, aka ce mini tsofaffin gidan suna jin daɗin ganinsa da ita.

Wata Talata cikin tsananin sanyi bas ya makara, ban isa ba sai bayan abincin rana. Tun daga bakin ƙofa nake jin dariya a falo. An jera tsofaffi a kujeru, har da wasu baƙi da suka zo duba uwarsu suna ɗauka da waya. Clifford yana kan kekensa na marasa lafiya, an manna shi da bango a ƙarƙashin taga, hula a kai. Gareth, wani ƙaton ma'aikaci da bakinsa ba ya rabuwa da cingam, yana tsaye gabansa da kofi a hannu.

"Percy, wa ya fasa mana kofi?"

"Ban taɓa ba, uwargida!"

Falo ya ɗauka.

"Yau dai jikin ya yi daɗi, Mama," in ji Gareth da ya gan ni. "Tun ɗazu ko jira a tambaye shi ba ya yi. Shi kaɗai yake ta zubawa."

Na dubi fuskar mijina, gumi ke bin ta a wannan sanyi. Hannunsa mai lafiya, na hagu, yana miƙawa ta kan cinyarsa zuwa dama yana laluben birkin keken, bai kai ba. Na ture Gareth, na saki birki, na jawo keken. Ƙafarsa ta hagu, wadda ke jin zafi, ita ce ta maƙale tsakanin keken da ƙarfen ɗumama ɗaki. Da na naɗe wandon, fatar ƙwaurinsa ta tashi ta yi ruwa, faɗin tafin hannuna.

Abin da na faɗa a falon nan ba zan rubuta shi ba. Baƙin dai sun sauke wayarsu.

Misis Pennock ta ja ni ofishinta.

"Zauna mana, Misis Holroyd, a kawo miki shayi."

"Ba shayi ya kawo ni ba."

"Abin takaici ne ya faru, duk mun ji ba daɗi. Amma kin san ba ya iya faɗin abin da ke damunsa."

"Ya faɗa. Tun ɗazu yake faɗa. Ku ne kuka yi ta ƙyalƙyatawa."

Ta karkata kai. "Ai yana son sa mutane dariya. Rayuwarsa ke nan."

"Ke kin san rayuwarsa? Gida zan tafi da shi."

Nan ta gyara zama ta ce ba haka ake yi ba. Sai likitar hukuma ta zo ta gwada shi, a ga ko hankalinsa ya isa ya zaɓi inda zai zauna. In ya isa, abin da ya zaɓa shi za a yi. In bai isa ba, hukuma ce za ta zaɓa masa, kuma ita a ganinta ya fi dacewa da bene na sama, inda ake kulle ƙofa, inda waɗanda hankalinsu ya tafi suke, don can an fi sa ido. Ta ce likitar za ta zo mako mai zuwa.

Na taɓa leƙa benen nan. Tagoginsa ba sa buɗuwa. Wanda ya hau, a akwati yake saukowa.

Makon nan ban ci abincin kirki ba. 'Yarmu Sheila ta zo daga Preston ranar Lahadi, ta same ni ina ture tebur a ɗakin gaba ina auna inda gado zai shiga.

"Mama, bayanki fa? Ko kwandon wanki ba kya iya ɗagawa."

"Na ɗauki akwatin kifi a ka kafin a haife ki."

"Kafin a haife ni, ai kin faɗa da bakinki." Ta zuba shayi ta turo mini biskit. "Kuma Mama, kada ki cinye ni, tambaya ce. Kin tabbata Baba yana ciki? Ko dai bakin ne kawai ya saura?"

"Yana ciki."

"To in likitar ta tambaye shi, da me zai amsa?"

"Sha shayinki."

Ban gaya mata abin da ke cin raina ba. Ba shakkar yana ciki nake ba. Abin da nake tsoro wani abu ne daban, kuma sai na koma baya kafin a gane shi.

Clifford ba da baki ya fara wasa ba. Lokacin da na san shi, wani siririn saurayi ne mai zuwa tasha ya zauna kan akwati yana kallon hannunmu muna aiki. Muka ɗauka ɓarawo ne, ko mahaukaci. Wata rana na ce, "Kai, mai wuya kamar na balbela, in kifi kake so ka saya, in mata kake so ka yi aski." Sai ya tashi, bai ce uffan ba, ya ɗauki wuƙar da babu ita, ya ɗauki kifin da babu shi, ya feɗe shi yadda nake yi, har da yadda nake share hanci da bayan hannu, har da yadda nake jefa kan kifin ba tare da na duba ba. Matan tasha suka yi ta ihu suna nuna ni. Na jefe shi da kan kifi na gaske. Kafin shekara ta zagayo mun yi aure.

Abin da ya iya ke nan, kuma ba a yi wanda ya kai shi ba. Ya kalli mutum sau ɗaya ya ɗauke shi gaba ɗaya, tafiyarsa da numfashinsa da abin da yake ɓoyewa. Bayan an daina Percy ya shirya wani wasa shi kaɗai, babu magana ko ɗaya, a kan matan da ke tsaye a tasha suna jiran jirgin da bai dawo ba. Jirgin ubana ma bai dawo ba, ni na ba shi labarin. A dandamali ba komai sai shi, amma sai ka ga tsohuwa mai gyale, ka ga mai ciki, ka ga wadda ta zo da kwanon abincin mijinta tana ta ɗora hannu a kan murfin don kada ya huce. Ranar da aka fara nunawa a gidan wasa na bakin teku, ɗaki ya cika, ba ka jin ko tari. Wani tsohon matuƙin jirgi da ke kusa da ni yana kuka kamar jariri. Mai kwanon ta fara juyawa za ta koma gida da abincinta ke nan, sai wani mashayi daga baya ya ƙwala, "Percy! Kai ka taɓa jirgin?"

Wasu suka yi dariya, wasu suka yi tsaki. Clifford ya tsaya. Ina kallonsa, ina cewa a raina, kada ka yi, kada ka yi. Sai ya juyo, ya zaro ido, ya ba su Percy. Ɗaki ya kece da dariya da tafi. Mai kwanon ta ɓace, ba ta sake dawowa ba, don wasan bai yi nisa ba aka rufe shi.

A hanyar gida na ce, "Me ya sa?" Ya ce, "Sun biya kuɗin ƙofa, Enid. In sun roƙa ba na iya hana su."

To wannan nake tsoro. Mijina bai taɓa iya hana masu kallo abin da suka roƙa ba. In an zaunar da shi gaban likita, an ɗora masa hula, ana yi masa murmushi, Percy zai ba su, su kuma su rubuta cewa ba kowa a ciki. Akwai kuma wani tsoron a ƙarƙashin wannan, wanda ko wa kaina ban so faɗa ba: a gidan nan kullum ana yi masa dariya, a gidanmu kuwa ni ce kawai da bakina. Wa ya sani ko can ɗin zai zaɓa?

Ranar ta zo da ruwan sama. Aka tara mu a wani ƙaramin ɗaki mai tebur a tsakiya. Likitar, Likita Menon, 'yar gajeriyar mace ce, ta shigo da jiƙaƙƙiyar laima tana neman inda za ta ajiye. Misis Pennock ta zauna kusa da ita, Sheila kusa da ni. Gareth ya turo keken, ya tsaya a bakin ƙofa. Hular tana kan Clifford.

"Wa ya sa masa wannan?" na ce.

"Yana jin daɗinta ne, Mama," in ji Gareth.

Na miƙa hannu zan cire, Sheila ta riƙe mini riga. "Mama, don Allah. Kada su ce ke ce matsalar."

Likitar ba ta da laifi, a hankali ta bi shi. Ta gaya masa sunanta da abin da ya kawo ta. Ta ce, "Ka san inda kake yanzu?"

Jijiyar wuyansa ta tashi. "Ban taɓa ba, uwargida."

Gareth ya yi wata 'yar dariya ta hanci. Na ga idon Clifford ya je wurinsa, na ga girarsa ta hagu ta fara ɗagawa yadda Percy ke yi.

Ta ce ya ɗaga yatsa in amsa e ce, ya bar hannu a ƙasa in a'a ce. Ta ce, "Sunan matarka Enid?" Bai ɗaga ba. Yana zaune kamar buhun dankali, idonsa kan tebur. Ta nuna masa hoton gida da hoton gado, ta ce ya taɓa wanda yake so. Bai motsa ba. Ta sake tambaya, ya sake ba ta Percy, wannan karon da ƙarfi, har da zaro ido.

"Kin gani ko, likita," in ji Misis Pennock, kai a karkace. "Haka yake wuni. Cikin nishaɗi dai yake, shi ne tauraronmu a nan, amma fahimtar ce babu."

Likitar ta cire murfin alƙalaminta. Na dubi mijina yana zaune kamar buhu, sai na tuna inda na san wannan zaman. Shekara da shekaru ina riƙe masa riga a ɗakin shiri na gidajen wasa. Haka yake zama gaban madubi, fuska a mace, in ka yi masa magana ba ya ji. 'Yan jarida sun sha fita suna cewa ba su taɓa ganin mutum mara daɗin hira kamarsa ba. Ba ya tashi sai mai kula da dandamali ya zo ya ƙwanƙwasa ƙofa ya kira shi da sunansa. Haka tsarin aikinsu yake, ba wanda ke fita sai an kira shi.

Na miƙe. "Likita, ki dakata da alƙalamin nan. Ku ja teburin baya, ku ba shi fili."

"Misis Holroyd," in ji Misis Pennock, "ba a katse—"

"Ba da ke nake ba."

Likitar ta dube ni, ta dubi agogo, sannan ta tashi ta kama gefen tebur da kanta. Sheila ta kama ɗaya gefen. Na ce kowa ya yi shiru, har da mai cingam. Na fita waje na rufe ƙofa. In wannan bai yi ba, ba ni da wani abu kuma. Na ƙwanƙwasa, na buɗe, na ce da muryar da ake faɗa, "Mista Holroyd, ana jiranka a dandamali."

Bai motsa ba. Ruwa yana dukan taga. Na ce a raina shi ke nan, na kashe shi da hannuna.

Sai hannunsa na hagu ya ɗaga a hankali, ya kama bakin hular, ya cire ta. Ya riƙe ta nesa da jikinsa da yatsa biyu, kamar ruɓaɓɓen kifi, ya sake ta ta faɗi ƙasa. Ya gyara wuya.

Rabin fuska yake da shi da hannu ɗaya. Da su ya fara tauna, a hankali, leɓe a sake, ido a lumshe, kafaɗa tana lilo. Sheila ta toshe baki, don Gareth ne zaune a kan keken nan, ba wanda zai ce ba shi ba ne. Ya tura keken da babu shi, ya manna shi da bango, ya danna birki da ƙafa ba tare da ya duba ba, ya ɗauki kofi. Sai fuskar ta sauya, ya koma kansa, ya nuna ƙwaurinsa, ya janye hannu kamar ya taɓa wuta. Ya miƙa hannu yana laluben birki. Ya buɗe baki yana kira. Sannan kansa ya karkata gefe, yatsunsa suka taɓa makullan da ke rataye a wuya, murmushi ya zo rabin leɓe, ya leƙo ta ƙofa, ya yi 'yar dariya, ya wuce.

Ni kaina ban san Misis Pennock ta leƙo ranar ba. Na juya na dube ta. Wuyanta ya yi ja har kunne, hannunta yana kan makullanta, ta yi sauri ta sauke shi.

Likitar ta ajiye alƙalami. Ta matso da kujerarta ta ce, "Mista Holroyd, na gani. Yanzu ina so ka nuna mini inda kake son zama."

Ya ɗaga ido sama, wajen benen, ya murɗa makulli, ya jefar da shi ta bayan kafaɗa, ya girgiza kai. Ya nuna ƙasan ɗakin da muke, ya girgiza kai. Sannan ya lalubi aljihu ya fito da wani makullin, ya sa a ƙofa, ƙofa ta ƙi, ya doke ta da kafaɗa yadda ƙofarmu ke buƙata in damina ta kumbura ta. Ya shiga, ya ɗora buta, ya sauko da kofi biyu. Sai ya ɗora hannu a ƙugu, haɓa a gaba, hannun ya dawo gaban fuska yana buɗewa yana rufewa kamar bakin agwagwa, ba tsayawa, ba numfashi. Ya share hanci da bayan hannu.

"Mama ce!" in ji Sheila, tana dariya tana hawaye. Har likitar sai da ta yi dariya. Ni ban yi ba. Gida ya zaɓa.

Amma bai gama ba. Yana nan a matsayina, ya sunkuya ya sa hannu ƙarƙashin hammatar wani mai nauyi, ya ɗaga. Ya ɗaga kuma. Sai ya ƙame, baki a buɗe, hannu ya tafi bayan ƙugu. Ya nuna mutum biyu suna faɗuwa ƙasa, ɗaya kan ɗaya. Ya nuna waya a can nesa, hannu yana miƙawa bai kai ba, irin miƙawar birkin nan. Sai ya saki wasan, ya dube ni da fuskarsa ta gaske, ya girgiza kai.

"Kai, tsoho," na ce, "ban nemi shawararka ba."

Ya sake girgiza kai.

"Na ce zan iya!"

Ya nuna likitar, ya ɗaga yatsa biyu ya taka su a kan cinyarsa suna shigowa ta ƙofa, ya nuna su suna ɗaga shi. Ya nuna ni, ya nuna kujera, ya danna tafin hannu ƙasa. Wato in zauna.

Likitar ta tambaye shi a fili, ko yana nufin zai koma gida ne in an samo masu zuwa ɗaga shi safe da yamma da gadon asibiti, kafin nan kuma ya yarda ya jira. Wannan karon ya ɗaga yatsa. Ta juya tambayar ta wata fuska don ta tabbata, ya bar hannu a ƙasa inda ya kamata. Ta ce ba ta da sauran shakka, mutumin nan ya san abin da yake so, har ya san abin da zai biyo baya, ba wanda zai kai shi bene. Ta ce maganar ƙunar kuma za ta kai ta inda ya kamata.

Na samu abin da na zo nema, na kuma koma gida ni kaɗai a bas. Na yi fushi da shi har washegari. A gaban mutane ya nuna cewa na tsufa.

Yanzu jira muke. An ce gadon yana hanya, an ce masu zuwa ɗaga shi sai an samu wuri, kuma duk wanda na kira sai ya tura ni wajen wani. Kafin nan yana kwana a hannun mutanen da ya tona wa asiri. Bas na farko nake hawa, in na isa kafin gaisuwa nake naɗe masa wando in duba ƙafafunsa, in duba bayansa. Na yage hoton Percy daga ƙofa, na rubuta sunansa da hannuna na liƙa, a karkace, amma ana karantawa. Hular tana cikin kwandon shara na tashar bas.

Gareth ya same shi a falo ya tofar da cingam ya ce, "Mista Holroyd, ka yafe mini." Clifford ya ba shi hannu. Misis Pennock kuwa har yau "abin takaici ne" take cewa. Ba abin takaici ba ne, abin da suka yi ne. Ina so ta tsaya a falon nan, gaban kujerun da aka jera, ta faɗa da bakinta cewa mutum ya yi ta kiran a cece shi tana leƙowa tana dariya. Na gaya mata, na gaya wa hukuma, kuma kullum na wuce ofishinta sai na sake gaya mata.

Jiya ina shafa masa magani a ƙwauri na ce, "Wannan bakin agwagwa da ka yi gaban likita, wai bakina ne? Kai ka yi mini wannan cin mutunci?"

Bai yi kokawa da bakinsa ba. Ya dubi taga, ya dubi farcensa, ya bar ni ina jira har na ɗago kai. Sannan ya juyo a hankali, ya ɗaga gira, ya ce ƙasa-ƙasa, "Ban taɓa ba, uwargida."

Na yi dariya har sai da bayana ya riƙe. Ni ina da ikon yi. Sannan na sauke masa wando, na duba birkin keken, na ja shi nesa da bango, na tafi in sake kiran masu gadon.